Tsuntsayen Leshin Hajiya

Ni tela ne. Tun kafin a haifi yawancinku nake taka keke, kuma ba a taɓa kirana ɓarawo ba sai makon jiya. Abin da ya fi ciwo, ban musa ba. Ku zauna ku ji dalili, sannan ku zuba min shawarwarinku a ƙasa, tunda na lura aikin yi bai dame ku ba.

Ina da 'ya, ita ce ƙaramarmu, Auta muke ce mata. Ta gama makaranta ta zauna jiran aikin ofis, shi ma ofis ya zauna jiran 'yar wani. Wata rana ta shigo shagona, ta tsaya a kan buhun da nake zuba guntayen yadi.

"Baba, wannan fa?"

"Shara."

"A ba ni sharar."

Ku riƙe ƙa'idata tun yanzu, don a kanta rigimar ta tsaya. Ƙyallen da bai kai tafin hannu ba, na buhu ne. Wanda ya wuce tafin hannu, na mai kaya ne, in naɗe shi in sa masa a ledar ɗinkinsa. Telan da ke jikin shagona kullum sai ya yi min dariya, wai ni kaɗai ne telan da 'ya'yansa ba su taɓa sa riga mai launi bakwai ba. Ya yi ta yi. Ba ni da mota, ba ni da gidan sama. Suna nake da shi.

Na ba ta buhun, na ba ta tsohon kekena da kwanar bayan ƙofa. Ta fara da jakar waya, ta koma rigar filo, ta yi abin sauke tukunya mai zafi. Sannan ta ƙirƙiro tsuntsu. Tsuntsu na ƙyalle, cikinsa auduga, idonsa maɓalli, da ɗan zare a baya na ratayewa a mota ko jikin makulli. Na ɗaga ɗaya na duba. Ɗinkin ba laifi, hannuna ta gado. Amma na ce mata, "Wa zai sayi tsuntsun da ba ya tashi, ba ya ƙwai, ba a yanka shi?"

Ashe ku ne. Ku ɗin nan masu karatu. In an ɗauki abu hoto da kyau, ko igiyar shanya ce sai ku yi layi.

Da hutun ƙarshen shekara ya gabato, sai abin ya zama hauka. Masu tafiya ganin gida na neman tsaraba, iyaye na neman abin rufe bakin yara, kuma za a yi baje koli a filin wata makaranta, Auta ta kama tebur a can. Shagona ya koma sheƙa. Auduga a shayina, auduga a gemuna. Uwarta ta bar girki ta zo tana cusa wa tsuntsaye ciki. Yayata, wadda duk gidan ke ce wa Gwaggo, ta kafa kujera tana ɗinka musu ido tana yanke wa mutanen unguwa hukunci ɗaya bayan ɗaya. Wayar Auta kuwa ba ta hutawa. "Anti akwai mai ruwan hoda?" "Anti a ajiye min biyu." Yarinyar da na goya jiya, yau ita ce antin gari.

Mai ɗaukar hoton shi ne matsalar.

Mai gyaran waya ne a bakin titi. Ni na sa masa Tsuke, saboda wandonsa. Har yau ban gano yadda yake shiga ciki ba, ina zaton da man shafawa. Yana da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. In ya zo sai ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ni, ni kuwa hankalina na kan ɗinkin wandon, ina jiran in ji ƙara. Shi ke jera tsuntsayen a kan farin ƙyalle, ya karkata kai, ya ɗauka, ya sa a waya. Auta na sonsa. Ba ta faɗa min ba, amma duk ranar da ya shigo sai ta soke yatsa.

Da yake hannunta kullum na kan keke, a fili take kunna saƙonninsa, wai ƙarar keke ta hana ni ji.

"Tauraruwata, kin ci abinci?"

Safe, rana, yamma, tambayar ke nan. Da tambaya na ƙosarwa, da yarinyar nan ba ta wuce ta ƙofa.

Ya riga ya aiko cewa bayan hutu manyansa za su zo. Uwar Auta da Gwaggo tun daga ranar ba su taka ƙasa ba, don uwarsa Hajiya ce mai babban shagon kayan kicin, da mota, da baki. Mijinta ya rasu, ita ce uwa, ita ce uba, ita ce alƙali.

To, ran nan sai ga Tsuke da leda biyu. Ɗaya leshi ne, shuɗi mai duhu da zaren azurfa, irin wanda almakashi ke jin kunyar taɓawa. Hajiya za ta sa shi wurin taron ƙawayenta na hutu. Ɗayar ledar rigar awo ce. Kun san mata da yawa ba sa tsayawa tela ya sa musu tef, sai su aiko tsohuwar riga a yanka daidai da ita.

Na ɗaga rigar. Na sake ɗaga ta.

Sau ɗaya na taɓa ganin Hajiya, tana fitowa daga mota. Da ta fito, motar ta yi ajiyar zuciya. Rigar da ke hannuna kuwa ta wata siririyar mata ce, mai irin kafaɗar da muka daina ɗinkawa tun wannan yaron na rarrafe.

"Rigar wa?"

"Ta Mama ce, Baba."

"Yaushe rabon da ta sa ta?"

"Ta ce ita ce ke zauna mata daidai."

"Kira ta ka sake tambaya."

Ya kira. Bai sa a fili ba, amma muryar Hajiya ba ta buƙatar taimako. Duk shagon ya ji.

"Ka ce masa ya ɗinka abin da aka ba shi! Ba ƙidayar shekaru aka aiko shi ba!"

To. Zan iya ƙara mata a ɓoye, telan kirki ya san hanya. Ban ƙara ba. Ni mutum ne mai tsananin biyayya idan aka ɓata min rai. Na shimfiɗa leshin, na ɗora rigar awo, na zana da alli, na yanka daidai wa daida. Na sa shafi, na sa zif, na goge. Leshin babbar mace, rigar ƙaramar mace, dole ya yi ragowa mai yawa. Na naɗe ragowar, na sa a leda tare da rigar, na damƙa a hannun Tsuke, a gaban Auta.

Bayan 'yan kwanaki na shigo da safe, sai na ga tsuntsaye jere a kan teburin yanka, shuɗaye, fukafukansu na walƙiya da azurfa.

"Auta. Ina kika samo wannan?"

"Shi ya dawo min da shi, Baba. Ya ce Mama ba ta amfani da ragowa, jefarwa take."

"Ya tambaye ta?"

"Baba, uwarsa ce fa."

Na ƙyale ta. Kyauta kyauta ce, kuma ba daga hannuna ta fita ba. Gaskiya sun yi kyau, duk sun fi na baya. Tsuke ya zo ya karkata kai ya ɗauka, kafin rana ta yi tsaka mutane na faɗa a kansu a waya. Auta har ta ware ƙyalle mafi kyau ta ɗinka wa Hajiya 'yar jakar hannu, da shafin siliki a ciki, wai ta shiga da rigar. Ta naɗe ta a takarda mai ƙyalli ta aika. Ta yini tana murmushi, kamar wadda aka ce ta ci jarrabawa.

Ranar taro, zif ya hau zuwa tsakiyar baya ya ce nan ya ga dama. Aka ja, aka tura, aka riƙe numfashi. Hajiya ta haƙura ta sa wani kayan ta tafi, ranta a dagule. Tana zama, wata ƙawarta ta ajiye makullin mota a kan tebur, da tsuntsu shuɗi na lilo a jiki.

"Af, Hajiya, wannan ba irin leshin da kika nuna mana ba ne?"

Saƙon muryar Hajiya ya fara sauka a wayar uwar Auta. Daga nan ya je ta Gwaggo, daga ta Gwaggo kuwa ya je duniya, don ita in ta ji abu sai ta tura wa mutum goma ta tambaye su ko sun ji. A ɗakin uwar Auta aka kunna min, ina zaune bakin gado, buhunan auduga sun cinye rabin ɗakin.

"Na kai leshina gidan mutunci, ashe gidan tsuntsaye ne! An rage min riga, an yanke min yadi, uba na yanka, 'ya na sayarwa! Har da aiko min jaka, wai kyauta, da kayana! To ku ji, in mutumin nan bai tako da ƙafarsa ya ba ni haƙuri ba, maganar yaran nan a binne ta!"

Na ce, "Madalla. A samo shebur."

"Malam!" in ji uwar Auta.

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali. In ta yi haka, shari'a za a yi. "Kai dai tun kana yaro kanka kamar dutsen guga. Haƙuri aka ce ka bayar, ba ƙoda ba."

"Haƙurin me, Yaya? In ce na yi sata?"

"Wa ya ce ka ce ka yi sata? Ka ce kuskure ne."

"Kuskuren na wa? Rigar da ta aiko tana nan, a ɗora sabuwar a kai a gani. In akwai bambancin ƙwayar zare, in bar ɗinki."

Uwar Auta ta dafe ƙirji. "Na roƙe ka da girman Allah, ko da wasa kada ka ambaci jikin matar nan."

"Ni ban ambata ba. Zif ne ya ambata."

Ba wanda ya yi dariya. Auta na tsaye jikin labule, ido ya kumbura, waya a hannu.

Na ce, "Ke. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ina wanda ya ba ki ragowar?"

"Zai gaya mata, Baba. Ya ce in ba shi lokaci."

Ta kunna min. Muryar ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin bargo. "Tauraruwata, ki yi haƙuri. Mama ta hau sama, bari ta ɗan sauko. Kin ci abinci?"

Na kalli uwarta. Ta kalli buhun auduga.

Aka kwana, aka tashi, Mama ba ta sauko ba. Ƙannena suka kira. Surukina mijin babbar 'yata ya kira, shi da ko gaisuwa sai an tuna masa. Kowa ya zama malamin haƙuri. Duk na ji, ya shiga ta nan ya fita ta can. Sai da rana, shago ba kowa, Auta ta tsayar da kekenta. Ba ta juyo ba.

"Baba. Don Allah."

Shi ke nan abin da ta ce. Yarinyar nan tunda ta yi wayo ba ta taɓa roƙona komai ba sai shara. Na ajiye almakashi.

Washegari da hantsi muka tafi, ni da uwarta da Gwaggo da ita. Na sa farar rigata wadda na ɗinka da hannuna, na sa hula, na goge takalmi. In za a yanka mutum, gara a same shi da tsabta. Auta ta sa doguwar riga ruwan toka da mayafi baƙi, ba kwalliya, ba ɗan kunne. Gwaggo ce ta ci ado kamar ita aka gayyata, tana tafe tana maimaita min karatu. "Ka ce a yi haƙuri, ka yi shiru. A yi haƙuri, shiru. Ko aku zai iya."

Falon Hajiya ya fi shagona sau nawa. Kujeru masu cinye mutum, labule har ƙasa, kabad na gilashi cike da kwanukan da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, fanka na juyawa a sama. Hajiya na tsakiyar doguwar kujera, ƙawayenta biyu hagu da dama, an kira su shaida. A kan teburin tsakiya an shimfiɗa rigar, gefenta jakar, gefen jakar tsuntsu ɗaya, yana kallona da idon maɓalli. Kotu sosai, saura ɗan sanda.

Tsuke na tsaye bakin ƙofa. Yau wando mai faɗi ya sa, wataƙila don ya sami wurin ɓuya.

Aka gaisa, gaisuwar da ba ta da gishiri. Hajiya ta ɗaga rigar da yatsa biyu.

"Malam tela, dubi wannan. Tsakani da Allah, wannan rigata ce?"

Amsar na kan harshena. Tana da daɗi, tana da gajarta, kuma gaskiya ce. Gwaggo ta taka min ƙafa da duk nauyin shekarunta.

Na ce, "Ita aka ɗinka."

"Leshin da na aiko zai yi min riga har da ɗankwali. Ina sauran?"

Na juya wajen ƙofa. Na ba shi hanya a buɗe, faɗinta ya fi na wandonsa.

"Yaro, ba ka da abin cewa?"

Ya kalli uwarsa, ya kalli fanka, ya sauka kan takalminsa ya zauna a can.

"Ni dai, Baba, a yi haƙuri da juna."

"Kada ka sako min ɗa a ciki," in ji Hajiya. "Shi aike aka yi masa. Da kai nake."

Na dubi Auta. Ba ni take kallo ba, shi take kallo. Ta ƙura wa bakinsa ido kamar mai jiran a kira sunanta a asibiti. Hannunta na murɗa bakin mayafi. Na san in na faɗi gaskiya a falon nan, na ci shari'a, kuma na koma gida da yarinyar da za ta riƙa gaishe ni da ladabi har in mutu, ba tare da ta sake dariya a shagona ba.

Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Hannuna ne ya yi nauyi a almakashi."

Gwaggo ta saki numfashi. Uwar Auta ta fara "Alhamdu..." Amma Hajiya ba ta ƙoshi ba.

"A'a, Malam. Ka faɗa yadda mutane za su ji. Ka rage, ko ba ka rage ba?"

Fanka ta zaga. Ta sake zagawa. Na ba yaron nan wannan lokacin ma, kyauta. Takalmin dai yake karantawa, ban san me aka rubuta a kai ba.

"Na rage."

Kalma biyu. Ban san suna da nauyi haka ba sai da suka fita.

"Allah sarki," in ji ƙawa ta hagu. "Tsufa ne. Ga kuma yanayin rayuwa."

Nan take Hajiya ta zama uwar tausayi. Ai komai ya wuce, ai an zama ɗaya, ai ɗan Adam ajizi ne. Ta sa aka kawo lemo mai sanyi a kofunan cikin kabad. Gwaggo ta sha nata ta sha nawa. Muna fita, ƙawa ta dama ta ja Auta gefe, ta rage murya.

"'Yan mata, shuɗin nan akwai saura? Jikokina biyu."

A hanya Gwaggo ta yi ta sa min albarka, wai yau na girma. Ina da jikoki, yau na girma.

Labari ya riga mu isa. Ina buɗe shago, telan maƙwabci ya leƙo, bakinsa har kunne.

"Ranka ya daɗe! Barka da shigowa cikinmu. Mun daɗe muna jiranka."

Wannan ban damu ba, haushin kare ne. Wanda ya taɓa ni wani dattijo ne da nake wa ɗinki tun yana saurayi. Ya zo karɓar kayansa, na miƙa masa leda. Da can sai ya saɓa ta a hammata ya tsaya mu yi hira. Ran nan sai ya buɗe, ya zaro ragowar, ya warware ta a gabana, ya auna da kamu. Ya ce, "Ba wani abu ba ne, Malam, dubawa kawai." Na ce ya duba da kyau.

Auta na kwanarta, ta gani. Kekenta bai tsaya ba, amma na ji ya canza murya.

Ranar baje koli Tsuke ya zo da sassafe zai ɗaukar mata kaya. Ta ce an gode, akwai mai ɗauka. Ni ne mai ɗaukar. Na yini a bayan teburi a filin makaranta, ƙarƙashin rumfar leda, ina miƙa wa mutane tsuntsaye. Jakar waya ta ƙare, rigar filo ta ƙare, abin sauke tukunya har wata ta yi rigima a kan na ƙarshe. Yara suka yi ta jan iyayensu zuwa wurinmu. Shuɗayen da suka rage kuwa ba ta fito da su ba. Ta zuba su a leda, ta ba wani mai babur ya kai wa Hajiya, ba saƙo, ba gaisuwa. Wayarta ta yi ta haske a cikin jaka. Ba ta duba ba.

Uwarta ce ta fara lura. Da muka dawo da la'asar ta tare ta a ƙofar shago.

"Yaron nan ya kira ni, wai ba kya ɗauka. Me kike nufi? Ubanki ya zubar da girmansa a gaban mata don ke, yanzu kuma ki tsiro da wani salo?"

"Inna, na gaji."

"Gajiya? Ni za ki gaya wa gajiya? Bari in kira Gwaggonki."

Ta tafi neman ƙarin runduna. Muka rage mu biyu. Auta ta ɗauki tsintsiya ta fara share auduga. Ta share inda ba datti.

"Baba, me ya sa ka ce ka rage?"

"Ke kika ce don Allah."

"Cewa na yi ka je." Ta jingina tsintsiyar. "Na zaci in ya gan ka zaune a gaban matan nan, da furfurarka, zai buɗe baki. Ban zaci kai za ka buɗe ba."

"To, na buɗe. Magana zarar bunu ce. An wuce wurin, manyansa za su zo, uwarki za ta yi barci."

"Ni kuma in zauna a gidan da ake ce wa ubana ɓarawo, da mutumin da ya san ba haka ba ne?"

Kun ji. Na sayar da abu ɗaya da na mallaka don in saya mata kaya, yanzu tana duba kayan tana cewa anya. Na so in yi faɗa. Na nemi faɗan a cikina, ban same shi ba. Abin da na samu wani abu ne mai kama da jin daɗi, kuma ban yarda da shi ba.

Ta zaro wayar daga jaka, ta ajiye a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli.

"Ya aiko saƙon murya, dogo. Ban buɗe ba. Na san kaina, Baba, in na ji muryarsa zan yafe. Kai ka saurara. In ka ji namiji a ciki, ka kira ni. In ba ka ji ba, ka goge, ni kuma ba zan tambaye ka ba."

"Ni kika mayar alƙali? Ni da kika ga na yi ƙarya a gaban jama'a?"

"Shi ya sa."

Ta yafa mayafi ta fita.

Na zauna ni da waya. Ku da kuke da saurin yatsa, da tuni kun danna. Ni na tsaya lissafin abin da ke gabana. In na goge, ba wanda zai sani, yarinyata ta dawo kwanarta, ni kuma na huta da ganin wandon nan har abada. In na ji, kuma na sami abin da ta ce in nema, to da bakina zan miƙa ta gidan Hajiya. Ba na son yaron. Na faɗa, ku rubuta. Amma ba ra'ayina ta tambaya ba.

Na sa tabarau, na nemo ɗan alamar, na danna.

Shiru da farko, sai ƙarar fanka. Na gane fankar. Sannan muryarsa, wannan karon ba daga cikin bargo ba. Ba tauraruwa, ba tambayar abinci.

"Mama, ga waya tana ɗauka, kuma Auta zan tura wa. Tun kafin su Baba tela su zo na gaya miki ni na ba ta ragowar, kika ce in na yi magana a gaban ƙawayenki ba ke ba ni. To na yi shirun, na ga abin da ya saya min. Yanzu ko ke ki faɗa, ko ni in faɗa."

Sai ƙarar kofi a kan tebur. Sai Hajiya ta ja numfashi.

Na tsayar da shi nan. Na tashi na rufe ƙofar shago, na sa sakata. Abin da matar nan za ta ce, ni na biya shi da tsada, telan maƙwabci ba zai ji shi kyauta ba.